Shizutani: Makarantar Da Sarki Ya Gina Wa 'Ya'yan Manoma A Japan

A gabashin lardin Okayama na ƙasar Japan, cikin wani kwari da duwatsu masu duhuwar itatuwa suka yi wa ƙawanya, akwai wata makaranta da aka kafa tun shekarar 1670. Sunanta Shizutani, a yau kuma tana cikin yankin birnin Bizen. Japanawa na ɗaukar ta a matsayin mafi daɗewa cikin makarantun da hukuma ta gina don 'ya'yan talakawa waɗanda har yanzu gine-ginensu ke tsaye. A zamanin da aka kafa ta, karatu mai zurfi galibi rabon 'ya'yan mayaƙa ne da malaman addinin Buda. Ɗan manomi kuwa aikinsa dashen shinkafa da biyan haraji. Sai ga wani sarki ya ce a gina wa irin waɗannan yara wurin da za su karanta littattafan Konfushiyas, malamin nan na ƙasar Sin, su yi irin karatun da 'ya'yan fadawansa ke yi.

Sarakunan da suka yi niyyar alheri a tarihin Japan suna da yawa, makarantun da suka buɗe ma haka. Da yawa daga makarantun sun bi masu su zuwa kabari. Abin da ya bambanta Shizutani shi ne, tun ranar da aka fara gina ta aka sa a rai cewa wata rana mai ita ba zai kasance ba. Wannan tunani yana nan a rufinta, da katangarta, da yadda aka tsara kuɗin tafiyar da ita. Mai ziyara da ya san haka kafin ya isa, kallon da zai yi wa wurin daban ne.

Abin da ido ke fara gani

Daga Tokyo, jirgin ƙasa mai gudun tsiya yana kai mutum birnin Okayama cikin sa'a uku da 'yan mintoci. Daga nan sai a hau ƙaramin jirgi na layin Sanyo zuwa tashar Yoshinaga, tafiyar da ta ɗan haura rabin sa'a. Tsakanin tashar da makarantar kimanin kilomita uku ne, hanya tana bi ta gefen gonakin shinkafa tana shiga tsakanin duwatsu har ta ƙure.

Kafin a kai ga kowane gini, sai an haye wani dogon tafki siriri mai kusurwa huɗu, ta kan gadar dutse. Ba don ado kawai aka haƙa shi ba. A al'adar tsohuwar Sin, makarantar da wani sarkin yanki ya gina tana da tafki a gabanta, kuma masu ginin Shizutani sun so duk wanda ya san littafi ya gane matsayin wurin tun daga bakin ƙofa. Bayan gadar akwai babbar ƙofa mai rufin yumɓu, wadda aka raɗa wa suna saboda ƙarar da ƙyaurenta ke yi idan an buɗe, ƙara mai kama da kukan gauraka.

Amma abin da ya fi tsayar da baƙo shi ne katanga. Tsawonta mita 765, ta zagaye makarantar, ta hau gangaren dutse ta sauko. Tsayinta da kaurinta kowanne ya kusa mita biyu, kanta kuma a zagaye yake, ba shi da kaifi. An sassaƙe duwatsu manya da ƙanana, masu launi daban-daban, an haɗa bakinsu daidai wa daida ba tare da laka ko wani abin liƙi ba. Idan ka shafa ta da hannu, da ƙyar farcenka zai sami wurin shiga tsakanin dutse da dutse. Ka bi ta ka duba, ba za ka ga ciyawa ta tsiro a jikinta ba, duk da ruwan sama da laimar wannan ƙasa. Dalili kuwa, cikinta ba ƙasa aka zuba ba. Tsakuwa ce aka farfasa, aka wanke ta tas don kada ƙwayar iri ko ɗigon ƙasa ya shiga, sannan aka cika ta da ita. Magina sun san cewa saiwar itace ce ke rusa katangar dutse, sai suka hana ta wurin kamawa tun farko.

Daga ƙofar sai fili mai ciyawa, a gabanka kuma matakala tana hawa zuwa ɗakin da aka keɓe wa Konfushiyas. Itatuwa biyu manya suna tsaye dama da hagun matakalar. Ana kiran su kai, kuma asalinsu daga Kufu ne, garin Konfushiyas a lardin Shandong na Sin. Wani masanin gandun daji ɗan Japan, Shirasawa Yasumi, shi ya ɗauko irin daga maƙabartar zuriyar malamin a 1915, aka rene su, aka dasa biyu a nan. A farkon watan Nuwamba ganyen ɗaya yakan yi ja jawur, na ɗayan ya yi rawaya, kuma lokacin ne motocin masu yawon buɗe ido ke cika wurin.

Sarkin da aka tayar sau biyu

Wanda ya ba da umarnin ginin shi ne Ikeda Mitsumasa, wanda aka haifa a 1609 ya rasu a 1682. A lokacinsa Japan na ƙarƙashin gidan Tokugawa, waɗanda suka riƙe mulki daga 1603 zuwa 1868. Shugaban gidan, wato shogun, yana zaune a Edo, Tokyon yau, ƙasar kuma an raba ta ga sarakunan yankuna fiye da ɗari biyu da ake kira daimyo. Kowane ɗayansu yana da fadarsa da mayaƙansa da harajinsa, amma shogun na da ikon ya tayar da shi ya mayar da shi wata ƙasa, ko ya ƙwace sarautar gaba ɗaya.

Mitsumasa ya ɗanɗani wannan da kansa. Yana yaro ƙarami mahaifinsa ya rasu, ya gaji sarautar Himeji a 1616. Shekara na zagayowa aka ce yaro ba zai iya riƙe wuri mai muhimmanci irin wannan ba, aka mayar da shi Tottori. A 1632 aka sake tayar da shi zuwa Okayama. Mutumin da aka ɗauke daga gida sau biyu tun bai kai shekara ashirin da biyar ba, ba sai an gaya masa cewa sarki goma zamani goma ba.

A 1654 ambaliya ta cinye ƙasarsa ta Bizen, yunwa ta biyo baya, dubban mutane suka mutu. Mitsumasa ya buɗe rumbunan gwamnati, ya ciwo bashi don ciyar da jama'a, ya kuma sauya yadda ake mulkin karkara, ya ƙara sa ido a kan jami'an da ke tsakaninsa da manoma. A kusa da shi a wannan lokaci akwai wani malami, Kumazawa Banzan, mai bin koyarwar da ke cewa sani ba ya cika sai an aikata shi. Abin da sarkin ya fahimta daga wannan masifa shi ne, ƙasa ba ta zama lafiya da umarnin fada kaɗai. Masu gari, waɗanda ke ƙidaya buhunan shinkafa, su raba ruwan noma, su sasanta rigima, su ne ainihin hukumar da manomi ya sani. Idan ba su iya karatu da lissafi ba, kuma ba su da tarbiyyar riƙon amana, duk wani gyara a baki zai tsaya.

Saboda haka a 1668 ya sa aka buɗe ƙananan makarantun koyon rubutu guda 123 a faɗin ƙasarsa. Akwai siyasa a ciki. Shekara biyu kafin nan ya rufe ɗaruruwan gidajen ibadar Buda, yana ganin malamansu sun yi yawa suna cin dukiyar talakawa, kuma da ma a hannun waɗannan malamai ake koyon karatu a ƙauyuka. Makarantun nasa sun zo ne su maye gurbinsu. A 1669 ya gina babbar makaranta a cikin birnin Okayama don 'ya'yan mayaƙa. Kwarin Shizutani kuwa tun 1666 ya gan shi, lokacin da ake neman wurin da za a yi maƙabartar gidan sarauta. An zaɓi wani wuri dabam don kaburbura, amma shirun kwarin ya shiga ransa, ya ce nan wurin karatu ne. A 1670 ya damƙa aikin ga wani bafadensa mai shekara talatin, Tsuda Nagatada.

Abin da ake karantawa

Konfushiyas ya rayu ne tsakanin shekarar 551 da 479 kafin haihuwar Annabi Isa. Bai ce shi annabi ba ne, bai ce shi abin bauta ba ne. Malami ne da ya yi yawo tsakanin fadojin Sin yana neman sarkin da zai yi mulki da adalci, bai samu yadda yake so ba, ya koma gida ya ci gaba da koyar da almajirai. Bayan rasuwarsa aka tattara maganganunsa a littafin da Japanawa ke kira Rongo. Jigon koyarwarsa shi ne, gyaran ƙasa daga gyaran hali yake farawa: ɗa ya bi iyaye, ƙane ya girmama wa, aboki ya cika alkawari, mai mulki kuma ya zama abin koyi kafin ya nemi biyayya.

Tsarin da aka bi a Shizutani na wani malamin Sin ne da ya zo daga baya, Zhu Xi, wanda ya rayu daga 1130 zuwa 1200. Shi ya ware littattafai huɗu ya ce da su ake fara karatu, Rongo na cikinsu tare da littafin wani malami mai suna Menshiyas, kafin a wuce zuwa manyan littattafai biyar na dā. Dokokin da ya rubuta wa makarantarsa suna rataye a allo cikin zauren Shizutani har yau.

Yara kan shigo tun suna wajen shekara takwas, wasu su kai ashirin. Matakin farko shi ne abin da ake kira sodoku: malami ya karanta jimla da ƙarfi, yaro ya maimaita, ya sake maimaitawa har ta zauna, ba tare da an fassara masa ba tukuna. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hanya, inda baki ke riga hankali kamawa, ma'ana ta biyo baya idan an girma. Wahalar yaron Japan ita ce littattafan da Sinanci na dā aka rubuta su, jerin kalmomin harsunan biyu kuma ba ɗaya ba ne. Sai aka ƙirƙiro ƙananan alamomi a gefen rubutu da ke gaya wa mai karatu ya tsallake wannan harafi, ya karanta na ƙasa, sannan ya dawo. Ido na kan Sinanci, baki na fitar da Japananci.

Jadawalin karatu ba da mako mai kwana bakwai yake tafiya ba, da lambar ranar wata yake tafiya. Ranakun da suka ƙare da 1 ko 6 ana taruwa a babban zaure don darasin littattafai huɗu. Ranakun 3 da 8 ana karatu a wani ƙaramin ɗaki da ke manne da zauren. Ranakun 5 da 10 hutu ne. A ranar farko ta wata kuma akan buɗe ƙofa ga manoman da ke kewaye su zo su saurari bayanin dokokin Zhu Xi.

Wani abu da ya raba Japan da Sin shi ne, a Sin wannan karatu hanyar samun muƙami ce, domin akwai jarrabawar shiga aikin gwamnati da ɗan talaka zai iya ci ya zama babban jami'i. A Japan ta Tokugawa muƙami gado ne. Ɗan mai gari da ya ƙare Shizutani ƙauyensu yake komawa ya gaji ubansa, ɗan mai magani ya koma ga maganinsa. Ba a gina makarantar don ta fitar da kowa daga matsayinsa ba, an gina ta ne don ya riƙe matsayin da kyau.

Cikin babban zaure

Zauren karatu shi ne zuciyar wurin. An fara gina shi a 1673, aka sake gina shi a siffarsa ta yanzu a 1701, gwamnatin Japan kuma ta sanya shi cikin dukiyar ƙasa mafi daraja a 1953. Daga nesa rufin ake fara gani, babba, ja-ja mai duhu, kuma launinsa ba ɗaya ba ne: wani falle ya yi ja, wani ruwan ƙasa, wani ya kusa baƙi. Fale-falen rufin na yumɓun Bizen ne, sana'ar da ta yi suna a garin Imbe da ke kusa. Maginan tukwanen Bizen ba sa shafa wa kayansu ruwan sheƙi. Suna jera su a dogon tanderu, su hura wutar icce kwana da kwanaki, toka da harshen wuta su ba kowane abu launinsa gwargwadon inda ya zauna. Abin da ya fito daga irin wannan wuta yana da tauri ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi.

Ko da haka Tsuda bai amince da yumɓu shi kaɗai ba. Rufin hawa uku ne. A ƙasa akwai siraran fallayen katako da aka jera bisa juna, a kansu akwai faffaɗan alluna da aka shafe da ruwan itacen urushi, wanda idan ya bushe ruwa ba ya kama shi, sannan fale-falen yumɓu a sama. A bakin rufin an sa ƙananan bututun yumɓu, don idan ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashin falle, ya sami hanyar fita kafin ya taɓa katako.

Sai an tuɓe takalmi ake hawa baranda. A ciki ginshiƙai goma ne zagayayyu na itacen keyaki suke ɗauke da ginin. Ba a yi su da gungume sukutum ba, an yanko su ne daga gefen manyan itatuwa aka bar tsakiyar, domin tsakiyar icce ce ke tsagewa idan ya bushe. Ka tsaya kusa da ɗaya ka duba, zanen jijiyar iccen yana nan kamar jiya aka feƙe shi. Daɓen ma na katako ne da aka shafa wa urushi, kuma shekara ɗari uku ana goge shi da tsumma har ya koma yana ɗaukar hoton abin da ke waje. Tagogin masu siffar ƙararrawa ne, haske na shigowa ta cikinsu ya kwanta a daɓen, kore a damina, ja da rawaya a kaka. Babu kujera, babu tebur. Ɗalibai kan durƙusa ne bisa ƙananan tabarmi zagayayyu, ƙafa a naɗe a ƙarƙashinsu, baya a miƙe. A lokacin hunturu, da tagogi na takarda da daɓen katako, sanyin kwarin kan shiga har ƙashi. Kusa da zauren akwai wani ɗan ɗaki mai murhu a tsakiya inda malamai da ɗalibai ke shan shayi su ji ɗumi, kuma ko a nan gawayi kaɗai aka yarda a hura, ban da icce mai tartsatsi.

Tsoron wuta ya kai har aka tara tudu da hannu. Tsakanin zauren da ɓangaren ɗakunan kwana da kicin, inda dole a hura wuta kullum, an gina wani tudun ƙasa don ya tare harshen wuta idan gobara ta tashi. A 1847 gobarar ta tashi, ta cinye ɗakunan kwana. Zauren bai ƙone ba.

Lissafin Tsuda

Tsuda Nagatada, wanda aka haifa a 1640, ba malamin littafi kaɗai ba ne. Shi ya jagoranci cike bakin teku a mayar da shi gonaki a kudancin Okayama, shi ya kula da aikin magudanar Hyakken da ke karkatar da ambaliya daga birnin, shi ne kuma ya gina lambun Korakuen, ɗaya daga cikin lambuna uku mafi shahara a Japan. Mutum ne da ya saba lissafin ruwa da dutse da kuɗi, kuma da wannan ido ya kalli makaranta.

Darasi ya zo masa da wuri. Makarantun ƙauye 123 ɗin nan ba su yi tsawon rai ba. Mitsumasa ya sauka daga mulki a 1672 ya bar wa ɗansa Tsunamasa, baitulmali kuma ya yi ƙasa. A 1674 aka rage su zuwa 14, a 1675 aka rufe sauran, aka tattara abin da ya rage a Shizutani. Cikin shekara bakwai aikin da ya game ƙasa ya shuɗe, domin kuɗinsa daga aljihun fada yake fitowa, kuma ranar da fada ta ji matsi makaranta aka fara taɓawa.

Don kada Shizutani ta bi sahu, aka ware mata gonakin shinkafa da dazuzzuka nata na kanta, irin tsarin wakafi, abin da suka samar shi ke ciyar da malamai da gyaran gini. Manufar a fili take: ko da shogun ya tayar da gidan Ikeda ya kawo baƙo, makaranta ta ci gaba da cin gashin kanta. Bayan rasuwar Mitsumasa a 1682, Tsuda ya ƙara wata dabara. A 1684 aka sake gina ɗakin Konfushiyas, a 1686 kuma aka gina wani a gefensa don tunawa da Mitsumasa kansa. A gabas da su aka yi wani tudu da aka binne gashin marigayin da farcensa da haƙoransa, aka dasa itatuwan tsubaki a hanyar zuwa wurin. A ƙasar da biyayya ga iyaye ke gaba da komai, wane ɗa ko jika ne zai rufe wurin da ake girmama kakansa? Tsuda ya ɗaure makarantar da mutuncin gidan sarauta, ta yadda sakaci da ita ya zama abin kunya.

Aikin ya ci shekara talatin da 'yan kai kafin ya kammala a 1701. Tsuda ya ƙare rayuwarsa a wani gida kusa da makarantar, ya rasu a 1707.

Wa ya shiga, wa aka bari a waje

Kalmar talakawa tana iya ruɗar mai karatu. Yawancin ɗaliban 'ya'yan masu gari ne, da manyan manoma, da masu magani, wato waɗanda gidansu zai iya haƙura da aikin yaro na shekaru. 'Ya'yan mayaƙa ma sukan zo, haka yara daga wasu ƙasashen sarauta, abin da ba kowace makaranta ke yarda da shi ba a lokacin. Karatu ne na maza. Kuma tsarin da ke koyar da tausayin na ƙasa, shi ne dai ke koyar da cewa kowa ya tsaya inda aka haife shi. A wannan ƙasa ta Okayama ce, a 1856, mutanen da aka mayar ƙasƙantattu saboda asalinsu suka yi gangami don ƙin wata doka da ta ce tufafinsu su zama marasa ado, masu launi na daban da zai nuna ko su wane ne. Sun yi nasarar hana aiwatar da ita, amma an kama jagororinsu, wasu suka mutu a kurkuku.

Sai dai littafi ba ya tsayawa inda mai mulki ya ajiye shi. Koyarwar da ta ce talaka ya yi biyayya, ita ce ta ce sarkin da ya bar jama'a da yunwa ya zubar da haƙƙinsa. A 1837 wani malamin wannan karatu, tsohon jami'in hukuma a Osaka mai suna Oshio Heihachiro, ya sayar da littattafansa ya raba wa mayunwata kuɗin, sannan ya jagoranci tawaye. Daga Shizutani kanta an sami Otori Keisuke, ɗan wani likitan ƙauye, wanda ya fara da littattafan Sin a nan, ya wuce ya koyi ilimin Turawa, ya jagoranci sojojin shogun a yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Tokugawa, daga baya ya zama jakadan Japan a Sin da Koriya.

Rufewa da sake buɗewa

Abin da Tsuda ya yi wa tanadi bai taɓa faruwa ba. Ba a sake tayar da gidan Ikeda daga Okayama ba. Abin da ya zo ya fi haka girma: tsarin ne gaba ɗaya ya rushe. A 1868 mulki ya koma hannun Sarkin Sarakuna Meiji, a 1870 aka rufe Shizutani, a 1871 aka soke sarautun yankuna, a 1872 kuma aka kafa dokar makarantun zamani ga kowane yaro, mace da namiji.

Ba hukuma ce ta farfaɗo da ita ba, mutanen yankin ne. A 1873 suka gayyato Yamada Hokoku, dattijon malami da ya yi suna wajen fitar da wata masarauta maƙwabciya daga ƙangin bashi, aka sake buɗe karatu. Ya rasu a 1877, a shekarar makarantar ta sake rufewa. A 1884 wani malami, Nishi Kiichi, ya sake buɗe ta, a hankali ta rikiɗe ta zama sakandare ta zamani. Ginin katako mai hawa biyu da aka yi mata a 1905, a inda tsofaffin ɗakunan kwana suke, shi ne gidan adana kayan tarihi a yanzu. An ci gaba da darasi a kwarin har 1964. Ita kuwa babbar makarantar 'ya'yan mayaƙa da ke cikin birnin Okayama, ta ƙone a ruwan bama-baman da jiragen Amurka suka yi wa birnin a watan Yunin 1945, tafkinta da gadarsa suka rage.

Shizutani a yau

Bayan tashin sakandaren, lardin Okayama ya mayar da wurin cibiyar horar da matasa. 'Yan makaranta kan zo rukuni-rukuni, su durƙusa a zauren, su karanta Rongo da ƙarfi bayan malami, idan sun gama su ɗauki tsumma su goge daɓen. A farkon watan Janairu ana bikin buɗe karatun shekara. A watan Oktoba kuma ana bikin sekisai, wanda aka fara a 1686, inda ake buɗe akwatin da mutum-mutumin Konfushiyas na tagulla mai ruwan zinariya yake ciki, a gabatar da kayan lambu, a yi darasi a zaure.

A 2015 gwamnatin Japan ta haɗa Shizutani da wasu makarantu uku a rukuni guda na gadon ilimin ƙasar. Akwai Ashikaga a lardin Tochigi, wadda ta girme su duka, har ɗan mishan Faransis Zabiya ya ambace ta a wasiƙarsa ta 1549. Akwai Kodokan ta birnin Mito da aka buɗe a 1841, sai Kangien ta garin Hita, wadda malami Hirose Tanso ya kafa a 1817, inda ake ajiye asali da shekaru a bakin ƙofa a auna ɗalibi da ƙwazonsa. Biranen huɗu suna neman UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya.

Masu tarihi na yawan danganta saurin da Japan ta yi wajen rungumar ilimin zamani bayan 1868 da yadda karatu ya riga ya bazu a ƙauyuka, ta hanyar dubban ƙananan makarantun unguwa da kuma wurare irin wannan. Shizutani ta ba da nata kason, amma tarihinta ya fi yin magana a kan yadda makaranta ke rayuwa. Sarki ɗaya ne ya buɗe 123 ɗin nan da ita, niyya ɗaya, littattafai iri ɗaya. Waɗanda suka dogara da kasafin fada sun mutu tun yana da rai. Wadda aka ba gona, aka yi wa rufi hawa uku, aka tara wa tudun tare wuta, ta kai ga zamanin da gonar da fadar duk ba su da ikon kare ta, kuma a lokacin an riga an sami jama'ar da suka yi karatu a cikinta, waɗanda suka ga bai dace a bar ta ta rushe ba. Sau biyu aka rufe ta, sau biyu mutanen yankin suka nemo malami suka buɗe.